Alkalawa a Gonar Wani

Ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Makarantu shida na koyar a cikin shekara goma sha biyar, daga Isa har Sakkwato, kowace in na shekara biyu sai in ji bangon aji yana matso ni, in fara bin ofis ina neman canji. Na faɗi wannan ne don a san irin ɗan da Allah ya haɗa babana da shi, mutumin da ya yi shekara sittin yana zagaya fili ɗaya bai taɓa cewa ya gaji ba.

Filin shi ne Alkalawa. Ƙauyenmu yana gab da shi, ba nisa da Sabon Birni. Baƙo in ya zo gona kawai zai gani: gero, dawa, wake, 'yan tuddai, tsamiya nan da can, sai gulbi a gefe yana cin gaɓa kowace damina. Amma nan babban birnin Gobir ya zauna, da fadarsa da kasuwarsa da ƙofofinsa, kafin yaƙin jihadi ya ci shi shekara ɗari biyu da ɗoriya da suka wuce. Mutanensa suka watse. Wasu suka yi arewa, cikin ƙasar da yanzu ake kira Nijar, daga baya wasu suka dawo suka kafa Sabon Birni. Namu kakannin ba su yi nisa ba. Suka raɓe a gefe, suka ci gaba da noma a kan tsohon garinsu.

Babana ba shi da sarauta, ba shi da ofis, bai taɓa shiga aji ba. Manomi ne. Amma duk wanda ya zo neman Alkalawa, ɗalibin jami'a ne mai rubutun kammala karatu, ko dattijan Tsibiri da Maraɗi masu zuwa ziyara, gidanmu ake nuna masa. Baba kuwa ba ya ba da labari a zaune. Sai ya ɗauki carbinsa, ya kai baƙo bakin kushewar babban sarkin nan da kowane Bagobiri ke buɗa kafaɗa in an ambace shi, ya fuskanci gabas, ya fara tafiya. Taku ɗaya, ƙwayar carbi ɗaya. Carbi uku, kun zo tafkin kanu, inda aka ce ana jefa kawunan waɗanda sarki ya yanke wa hukunci. Nan zai tsaya ya faɗi abin da ke wurin. Ku bar tafki a dama, carbi biyu da rabi, kun zo marina. Ba abin da za ka gani sai kututturen kara, amma in ya sa ƙafa ya tona, sai ga bakin rijiyar rini, ƙasar wurin ta yi duhu daban da ta kewaye. Daga nan kasuwa, daga kasuwa maƙera, daga maƙera gidan Inna, macen da ke riƙe da sarautar mata da sha'anin bori a Gobir, sai a ƙare a ƙofar gulbi. Haka ubansa ya koya masa, shi ma haka nasa uban ya koya masa. Ba a rubuce yake ko'ina ba.

Ni kaɗai ne namiji a gidanmu, kuma ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai wanga" yake ce mini. Ina shekara sha biyar ya ce in biyo shi. Muka yi kushewa, muka yi tafki, muna isa marina na ce rana ta yi zafi, kuma ai duk wannan ana iya rubuta shi a takarda a huta. Ya dube ni, ya mayar da carbinsa aljihu, muka koma gida. Bai sake kirana ba, ni kuma na ji daɗi da bai kira ba.

Sai shekarun nan suka zo. Ba sai na yi dogon bayani ba, kowa a ƙasarmu yana da nasa labarin 'yan bindiga. Ƙauyenmu ya tashi kaf. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu kafin nan, don haka ƙanwata ta ɗauko Baba ta kawo shi gidan aurenta a Isa, aka ba shi ɗaki mai taga ɗaya a kusa da zaure. Mutumin da ya saba auna birni da ƙafa ya koma auna tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa turken akuya, ya dawo.

Ana cikin azumi ƙanwata ta kira ni a waya ina Sakkwato.

"Yaya, Baba ya hwara mantuwa," ta ce. "Jiya sau biyu yay yi azahar. Kuma shina tambayata ina uwarmu tat tahi."

Na ajiye wayar, na kasa zama. Abin kunya ne, amma zan faɗa: ba lafiyarsa ce ta fara faɗo mini a rai ba, birnin ne. Na ga cewa in kan tsohon nan ya rufe, Alkalawa ta sake faɗuwa, wannan karon ba mai sauran sanin inda kasuwa take. Na kuma san wanda ya kamata ya karɓa ya ƙi karɓa.

A lokacin ina cikin kwamitin wata ƙungiyar matasanmu da ke shirya ranar al'adun Gobir bayan ƙaramar salla. Yanzu tarihin Gobir ya zama abin yayi. Muna da zaure a waya inda mutum ɗari da wani abu ke kwana suna tashi da gardamar wane sarki ya gaji wane, ana turo hotunan da ba wanda ya san inda aka ɗauke su, ana fushi ana ficewa ana dawowa. Yawancinsu ba su taɓa taka kufan ba. Ni da na taka rabinsa na gudu, ni ne malaminsu. Sai dabara ta zo mini, na kuwa ji kaina mai wayo: a kawo Baba, a ɗora shi a gaban jama'a, a ba shi lasifika, a ɗauki bidiyo. Awa ɗaya an gama, an adana har abada, ni kuma in koma harkokina.

Na je na ɗauko Baba, muka tashi daga Isa ranar da motoci ke jeruwa su bi bayan jami'an tsaro masu rakiya. A irin wannan tafiya ba a hira. Kowa idonsa na kan daji, direba yana taka mota kamar an biyo shi, wata mata a bayana tana ta salati ƙasa-ƙasa. Baba kaɗai ya ji daɗin hanyar. Ya manna fuska a gilashi yana kiran sunayen ƙauyukan da muke wucewa, har da waɗanda ba kowa a cikinsu.

An yi taron a filin wata makarantar firamare a Sabon Birni, kuma ya yi kyau, ba zan rage masa ba. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. 'Yan mata sun zana tsagar Gobirawa a kumatu da kwalli, gumi yana wanke musu ita. Wani mawaƙin zamani ya zo da fiyano yana wasa Gobir, samari suna ɗaga wayoyi sama. Aka ba wani Bayarabe mai ɗinki, wanda ya shekara talatin a garin, lasifika don ya taɓa wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce ya zo duba bayinsa ne, ya ga sun yi ƙiba, ya gode. Aka yi ta dariya ana yi masa ihu. Wani malamin jami'a ya karanta takarda mai shafi da yawa, mutane suka tafi neman ruwan sanyi.

Sannan aka kira Baba. Na riƙo hannunsa na zaunar da shi a kujera mai hannu, na gyara masa hula, na riƙe masa lasifika a baki. Ya yi sallama, aka amsa. Ya fito da carbinsa.

"Daga kushewa," ya ce, "carbi ukku, tabki."

Nan ya tsaya. Yatsunsa suna jan carbi. Na duba ƙasa, na ga ƙafafunsa suna motsi a ƙarƙashin kujera, dama, hagu, dama, suna shure ƙasa. Ya buɗe baki ya rufe. Ya waiwaya dama yana neman tafki, ya ga mai fiyano. Sai ya ɗago ya dube ni, ya yi tambaya a cikin lasifikar, duk filin ya ji.

"Kai wanga, sai ina?"

Ban sani ba. Wato na san marina ce, amma ta wane hannu, carbi nawa, ban sani ba. Mai gabatarwa ya yi maza ya ce a tafa wa dattijo, tsufa ba wasa ba, aka tafa, aka saki kiɗa. Na ji kunya har cikin ƙashina, kuma na ji haushinsa, alhali ni na ɗora shi a kujerar. Mutumin da ya gaya mini tun ina yaro cewa ba a faɗin Alkalawa a zaune, shi na zaunar a gaban mutum ɗari biyar.

Da muka fito za mu tasha, sai ya tsaya a bakin hanya ya ƙi motsi. Yana kallon wata 'yar turba da ta ratsa gonaki ta nufi kufan Alkalawa.

"Ga shi can," ya ce. "Bayan itatuwan can. Kai ni."

"Baba, ba a zuwa. Ko 'yan sa-kai ba su kaiwa can yanzu."

"Awa guda ta ishe mu."

"Ba ni kai ka, Baba."

"Mi za su ɗauka gare ni? Tsoho da carbi?"

"Ni za su ɗauka," na ce.

Ya jinjina kai kamar ya ga gaskiyata. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Sadda nic ce ka zaka ka koya, kac ce rana. Yanzu kac ce bindiga."

Har muka isa Isa bai kalli taga ba.

Kwana uku muna gida ɗaya ba ya amsa mini sai gaisuwa. Na haɗa jakata, na ce wa ƙanwata gobe zan bi motar safe. Na gaji da gidan, na gaji da zafin bazara, na gaji da ganin tsoho yana kai da kawowa tsakanin rijiya da turke. Washegari kuwa, rana ta fara fitowa, sai ƙanwata ta buga mini ƙofa.

"Yaya, Baba bai dawo daga masallaci ba. An ce tun da anka sallame ya hita."

Na zaga unguwa a guje, na duba tasha, don zuciyata ta ba ni ya nemi motar Sabon Birni. Wata mai ƙosai ce ta ce ta ga wani tsoho da buta ya yi bayan gari, wajen hanyar Tozai. Can na same shi, a wata gona da aka share aka ƙone karanta ana jiran ruwa. Ya ajiye butarsa a tsakiyar fili, ya ba ta baya, ya fuskanci gabas, yana tafiya yana jan carbi.

Na buɗe baki zan kira shi, sai na ji yana magana. Na laɓe a gindin wata bishiyar dogon yaro. Butar ita ce kushewa. Ya ja carbi uku, ya tsaya, ya fara ba iska labarin tafkin kanu, muryarsa garau, ba gargada, ba neman kalma, irin muryar da na sani ina yaro. Ya bar tafkin da babu shi a dama, ya yi marina. Ya yi kasuwa. Duk abin da kujera ta hana shi, ƙafa ta ba shi. Ina tsaye ina jin daɗi da baƙin ciki a lokaci ɗaya, wayata kuma tana kan caji a gida.

Da ya kai ƙofar gulbi ya rufe da addu'a, ya juyo. Ya hango butarsa. Ya daɗe yana kallonta. Na fito na matso, bai yi mamakin ganina ba.

"Kai wanga, wanga birni ya tsuke," ya ce. "Daga ƙohwar gulbi ba a hangen kushewa. Ga ta nan kusa, har ina ganin bakin buta. Na ƙirga daidai. Mi ya hwaru?"

Ni na ga abin da ya faru, don na kalle shi yana tafiya. Da ina da hankali da na nemi wata hanyar faɗa. Amma bakina ya fi tunanina sauri tun asali.

"Baba, ba birnin na ya tsuke ba. Takunka na ya rage."

Ya sunkuya ya kalli ƙafafunsa. Ya ɗaga ɗaya ya ajiye a gaban ɗayar, tazarar ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya sake gwadawa, ya buɗa sosai, ya yi tangaɗi, na tare shi. Na yi da-na-sanin maganar tun kafin ta gama fita. Muka tsaya a haka, rana tana hawa, wasu mata masu itace suka wuce suna kallonmu.

Sai ya miƙo mini carbin.

"To, kai taka."

Ban bi motar safe ba, ban bi ta washegari ba.

Na ɗauka abin kwana biyu ne. Ashe tafiya ma ban iya ba. Ranar farko na ja carbi uku na tsinci kaina a gonar maƙwabci, Baba yana can baya yana buga sanda a ƙasa. Ya ce tafkina ya wuce inda tafki yake da rabin carbi, ya tambaye ni wa ya koro ni, ya ce kasuwar da ta shekara ɗari biyu tana jira ba yau za ta watse ba. Na rage, ya ce yanzu kuma na zama amarya. Daga ƙarshe ya ce in taka kamar na ɗauko damin gero a ka daga gona, ba sauri, ba wasa, wai irin tafiyar kakana ke nan. Ban taɓa ɗaukar dami na kirki ba, amma na gane abin da yake nufi. Sai da muka kwana huɗu a kan kushewa zuwa tafki kafin ya ce, "Haka."

Da takuna birnin ya koma girmansa, ya fi ƙarfin gona ɗaya, ya ci gonaki huɗu da wata 'yar hanyar shanu. Muka je muka roƙi masu gonakin. Uku suka yi dariya suka ce mu yi ta yi. Na huɗun, wani mai kai albasa da barkono kasuwannin Nijar, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ku taka iyakar takawarku, Baba. Amma ranad da ruwa ya sauka za ni shibka, kuma ba a taka min shibka ko da birnin wa na." Gaskiyarsa ce. Daga ranar na fara duban gabas kowace safiya.

Muna fita bayan sallar asuba, mu dawo da hantsi kafin rana ta gasa mu. Ina gaba da carbi, yana baya ya dafa kafaɗata, ni taku ɗaya, shi biyu. In mun iso wuri sai ya matsa kafaɗar, in tsaya, ya faɗi, in maimaita. A marina ya gaya mini yadda ake gane marini ko a masallaci, da hannuwansa. A kasuwa ya nuna mini inda raƙuman Azbin ke durƙusawa da gishiri, da inda mahauta suke, can ƙarshen iska don kada wari ya dami masu tufafi. A maƙera ya ce in an tona ana samun kashin ƙarfe har yau, kuma garma ba ta son wurin. Na kunna waya a aljihun gaba ina ɗauka a ɓoye. Ya gani tun ranar farko. "Bar ta ta ji," ya ce. "Ba ta da ƙahwa."

Daga maƙera ake juyawa hagu zuwa gidan Inna, nan ne kullum nake ɓata. Ban san dalili ba, jikina dama yake so. Duk sanda na karkata sai in ji ya mintsine ni a kafaɗa da 'yan yatsun nan nasa masu kaushi. "Hagu, kai wanga. Dama gulbi za ka hwaɗa." Har wurin ya yi tabo. In mun isa gidan Inna kuma sai ya rage murya, ya tuɓe takalmansa, ya tsaya ƙafa ba komai a kan ƙasa mai zafi. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi a masallaci. Na ce, "Baba, liman ya san kana tuɓe ma 'yan bori takalmi?" Ya ce gidan uwa ne, kuma ko ba don haka ba, wannan gonar mai albasa ce, ba ruwan liman. Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da ya baro ƙauye.

Ba kullum ne ake samun haka ba. Wata safiyar sai mu kai tafki ya tsaya ya tambaye ni gonar wa muke ciki. Wata rana ya ce mu ratsa ta rugar abokinsa mu sha nono, wani Bafulatani da ya yi shekaru yana kiwo a kufan, wanda ya nuna wa Baba tsofaffin rijiyoyi biyu saboda shanunsa suna kauce musu. Mutumin ya tashi da iyalinsa tun farkon rikici, ba mu san inda ya yi ba. Na ce gobe. Irin waɗannan ranaku sai mu koma gida ba mu ƙara komai ba, ni kuma in kasa cin abinci, in yi ta zagaya tsakar gida har ƙanwata ta ce yanzu mahaukatan gidan sun zama biyu.

An koma makaranta. Shugabanmu ya kira sau uku, na ce babana ba lafiya, ban kuwa yi ƙarya ba. Kowace rana ina son tafiya. Ina jin ƙarar motocin Sakkwato daga tasha, raina yana bin su. Kowace rana kuma ina lissafin abin da ya rage: kasuwa ta zauna, maƙera ta zauna, gidan Inna da saura, ƙofar gulbi da saura. Hadari ya fara haɗuwa da la'asar yana watsewa. Mai albasa ya kawo irinsa ya ajiye a zaure, ya tabbatar mun gani. Ranakun da kan Baba ke buɗewa suna raguwa, ina ganinsu suna raguwa, ba abin da zan iya yi sai in tashe shi da wuri.

Rana ta ashirin da uku muka fito, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kawo ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri. Baba ya shaƙa, ya ajiye buta da kansa.

"Yau kai za ka hwaɗi," ya ce. "Ni baƙo na. Daga Maraɗi nit taho."

Na ce masa maraba da baƙo, ya hanya, ya iyali. Na fuskanci gabas. Carbi uku, na tsaya, na ba shi labarin tafkin kanu. Na bar tafki a dama. Na yi marina, har na tona ƙasa da ƙafa yadda yake yi, duk da na san ba abin da ke ƙarƙashin gonar nan sai tsakuwa. Na yi kasuwa, na durƙusar da raƙuma, na kai mahauta ƙarshen iska. Maganar tana zuwa da kanta, ƙafa tana sauka kalma tana biyo ta, ban taɓa jin irin wannan ba a duk shekarun da na yi ina magana a gaban allo. Hannunsa yana kafaɗata, bai matsa ba ko sau ɗaya. Kaina ya kumbura.

Da muka gama maƙera sai shaƙiyanci ya motsa mini. Na san hagu ne, yanzu ko a barci aka tashe ni na sani. Amma na ce bari in ja shi, in sha mintsini na ƙarshe, ya zage ni, mu yi dariya, in ce gwada baƙon nake yi. Na juya dama.

Na ɗaure kafaɗa ina jira. Taku biyar. Taku goma. Hannun yana nan a kwance, sakwaf, yana bina. Na ce ko shi ma gwada ni yake yi, na ci gaba. Na ja rabin carbi, na ja carbi guda, ina jin 'yan takunsa biyu-biyu a bayana, ina roƙon Allah a zuci ya mintsine ni. Har na ƙare ƙirgen, a wurin da in da a kufan ne da muna tsakiyar ruwa.

Na tsaya. Na ce, da wata murya da ba tawa ba, "Baƙo, ga gidan Inna."

"Madalla," ya ce a hankali. Ya saki kafaɗata, ya sunkuya, ya fara tuɓe takalmi.

Ban san lokacin da na durƙusa na riƙe ƙafarsa ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a hanyar Sabon Birni. Duk kwanakin nan ina tafiya ne da sanin cewa in na ɓata akwai mai gyara mini a baya.

"Baba, mai da takalminka. Ni na ɓata. Ba nan na ba, hagu na."

Ya miƙe. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi gonar mai albasa har ƙarshenta, yana nema da gaske. Sannan ya dube ni, ba fushi, ba kunya, ya mayar da hannunsa kafaɗata.

"To," ya ce. "Kai ka sani."

Na sa masa takalmin, muka koma maƙera, na juya hagu, na fara ƙirga daga farko.